Sana'ar Ƙera Manhajar Ƙari A Cikin Manhajojin Zanen Gini

Duk lokacin da muka haɗu wurin suna ko biki a nan Hyattsville, sai wani ya tambaye ni, wai shin ni mai zanen gini ne ko ma'aikacin kwamfuta? Amsa ita ce duka biyun, kuma ina so in yi bayani domin amfanin iyaye masu yara a makaranta.

A yau kusan babu gini, gada ko titi da ake zanawa da fensir a ƙasar Amurka. Da manhajar kwamfuta ake yi. Wadda ta fi suna ita ce AutoCAD, ta kamfanin Autodesk, wadda ta fito a 1982. Akwai kuma Revit, da kamfanin ya saya a 2002. To amma babu manhajar da za ta san bukatar kowane ofis. Shi ya sa masu ita suka bar wata ƙofa a buɗe, domin mai ilimi ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja ya maƙala mata. Ita nake kira manhajar ƙari. Kamar tela ne da ya sayi keken ɗinki, sannan ya ɗaura masa ƙafa ta musamman domin yin gidan maɓalli.

Abin da mai kallo yake gani zane ne, amma a wurin kwamfuta jerin bayanai ne: kowane layi da tsawonsa da inda ya fara, kowace ƙofa da faɗinta. Manhajar ƙari tana karanta waɗannan bayanai, ta ƙirga su ko ta canza su. Ni abin da ya sa na fara shi ne, an taɓa ba ni aikin sake lambobin ƙofofin wani gini mai benaye da yawa. Na kwana biyu ina yi da hannu, na gama aka ce an canza tsari. Sai na zauna na rubuta layuka kaɗan, aikin ya koma na minti ɗaya.

Harshen da na yi amfani da shi AutoLISP ne, wanda aka sa cikin AutoCAD tun 1986, kuma har yau yana aiki. Ana rubuta shi a fayil, a loda da umarnin APPLOAD, shi ke nan ka sami sabon umarni naka na kanka. Manyan ayyuka kuwa da C# ko C++ ake yinsu.

Yankinmu na da bukatar wannan ilimi. Tun 2003 hukumar GSA, mai kula da gine-ginen gwamnatin tarayya daga Washington, ta fara shirin zane mai ɗauke da cikakken bayanin gini. Ga kuma layin dogo na Purple Line daga Bethesda zuwa New Carrollton, da aka soma ginawa a 2017. Irin waɗannan ayyuka zanensu ba ya ƙirguwa, kuma gyara ba ya ƙarewa.

Yaro zai iya farawa ba tare da an kashe ko sisi ba. FreeCAD kyauta ce, kuma da harshen Python ake yi mata ƙari. Autodesk ma tana ba ɗalibai lasisi kyauta. Ga Jami'ar Maryland a College Park, ga Prince George's Community College, duk a kusa da mu.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na farko, a gwada a kan kwafi, domin kuskure ɗaya kan ɓata zane ɗari. Na biyu, aikin na son bibiya: da AutoCAD 2025 ta koma .NET 8, dole aka sake gina manhajojin ƙari da yawa. Na uku, a dokar ƙasar nan, abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa yawanci na kamfani ne, ba nasa ba. A karanta takardar ɗaukar aiki kafin a yi tunanin sayarwa.

Saboda haka iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa a kan kwamfuta, ku tambaye shi me yake ƙerawa kafin ku ce wasa yake. Masu iya zane suna da yawa. Wanda ya iya sauƙaƙa wa masu zane aikinsu kuwa, ofis ba ya son rabuwa da shi.

Sai mun sake haɗuwa.