Yadda ruwan laka ke tona asirin cutar mantuwa

Idan dattijo ya fara ɓata a hanyar gidansa, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya sau goma kafin azahar, akan ce gigin tsufa ne, a bar maganar nan. A wajen likita kuwa, nan aikin ya fara: wace cuta ce ta haddasa mantuwar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan lalura, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne.

Tun 1906 da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana cutar, an daɗe ba a samun tabbacinta sai an binciki ƙwaƙwalwar mutum bayan ya rasu. Yanzu ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka na ba da amsa tun mutum yana raye.

Abu biyu ake aunawa. Furotin ɗin amiloyid-beta 42 yana raguwa a cikin ruwan, domin ya daskare a ƙwaƙwalwa ya kasa fita. Shi kuma furotin ɗin tau ƙaruwa yake yi idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na lalacewa. Sauyin kan soma shekara goma ko fiye kafin iyali su lura da komai.

Ɗibar ruwan ba baƙon abu ba ne, domin allurar da ake sokawa a gadon baya don gano sanƙarau, ita ce dai. Ana soka ta ne ƙasa da inda laka ta ƙare, shi ya sa fargabar shanyewar ƙafa ta fi haɗarin yawa. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne na 'yan kwanaki.

A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin farko irin wannan, mai suna Lumipulse. Darajarsa ta ƙaru da fitowar maganin lecanemab, wanda ba a bayar da shi sai an tabbatar akwai amiloyid. Maganin yana rage saurin cutar ne kawai, kuma yakan jawo kumburin ƙwaƙwalwa, don haka ba wa wanda mantuwarsa ta ƙarancin bitamin B12 ce ganganci ne.

Sai dai akwai tsofaffi masu amiloyid da hankalinsu garau yake, saboda haka likita kan haɗa sakamakon da alamomin da ya gani. A 2025 hukumar ta amince da gwajin jini, wanda zai iya rage yawan waɗanda sai an ɗebi ruwan bayansu.