Sanyin da ba ya fitowa a hoto: abin da 'yan haya ke sha a Ingila

Ka san irin hoton nan. Abokinka ya sauka a Landan, ya sha ƙatuwar rigar sanyi, ga jar bas mai hawa biyu a bayansa, ya ɗora a Instagram. Kai kuma kana kwance a ɗakinka, an ɗauke wuta, kana danna alamar so kana cewa Allah Ya kai mu. Ba laifi ba ne, ni ma ina yi.

Amma kwanaki na kira wani ɗan'uwana da ke karatun digiri na biyu a arewacin Ingila, kiran bidiyo. Na same shi a kan gado da hular sanyi da safar hannu. Na ɗauka fita zai yi, ashe kwanciya zai yi. Na'urar ɗumama gidan ta lalace kusan mako biyu, ya tura wa mai gidan saƙo ya fi a ƙirga, shiru kake ji. Daga bayan bangon kuma kiɗan maƙwabcinsa ne ke tashi kamar gidan biki. Wannan hirar ce ta sa na zauna na bibiyi lamarin, domin idan kana cikin masu haɗa takardun tafiya, gara ka ji tun kana gida.

Ba irin hunturunmu ba ne

Mu a nan, sanyin hunturu na safe ne da dare. Da rana ta ɗaga sai ka cire suwaita. A can kuwa, a watan Disamba rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe 4 na yamma, ga yayyafi, ga danshi, kuma sanyin kan ɗauki watanni. Gidaje da yawa tsofaffi ne, wasu sun haura shekara 100, ba sa riƙe zafi. Yawancinsu sun dogara ne da tukunyar gas da ake kira boila, wadda ke dafa ruwa ta tura shi ta bututu zuwa ƙarafan da ke jikin bangon kowane ɗaki. Idan boila ta tsaya, babu ɗumi, babu ruwan zafi na wanka.

Hukumomin lafiyar ƙasar na ba da shawarar kada zafin ɗaki ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas. Sai dai ɗumi kuɗi ne. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, mutane da dama ke kashe hita don gudun bil. Ka tuna kuma ɗalibi daga waje ba a yarda ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu. Daga ɗan abin da ya samu zai biya haya, ya ci abinci, ga 'yan gida na jiran alat.

Matsalar ba ta tsaya a rawar ɗari ba. Ɗaki mai sanyi da aka rufe ruf, ana girki, ana shanya kaya a ciki, tururi ne ke taruwa a bango ya zama danshi, danshi ya haifi baƙar fumfuna. Ita kuwa fumfuna kai tsaye take taɓa huhu.

Yaron da mutuwarsa ta sauya doka

Idan kana ganin zuzutawa nake yi, ka nemi labarin Awaab Ishak. Iyayensa 'yan asalin Sudan ne, suna zaune a wani gidan haya a garin Rochdale, kusa da Manchester. Tun a 2017 mahaifinsa ya kai ƙorafin fumfuna ga kamfanin da ke da gidan, aka ce masa ya shafe ta da fenti. Ya shafa, ta dawo. Ya ci gaba da ƙorafi, ba a gyara ba. A watan Disamban 2020, kwanaki kaɗan bayan Awaab ya cika shekara 2, ya rasu. A Nuwamban 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar cewa daɗewar da yaron ya yi yana shaƙar fumfuna a gidan ce ta jawo ciwon numfashin da ya yi ajalinsa.

Abin ya girgiza ƙasar, har aka yi doka da sunansa. Daga Oktoban 2025, masu kula da gidajen haya na tallafin al'umma a Ingila dole su magance matsalar gaggawa cikin awa 24, su kuma binciki ƙorafin danshi da fumfuna mai haɗari cikin kwanakin aiki 10. Amma ka lura, da irin waɗannan gidajen aka fara, alhali ɗalibi baƙo galibi a hannun masu gidaje masu zaman kansu yake kama ɗaki.

To kai mene ne haƙƙinka?

Kana da shi, kuma ba ƙarami ba. Dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida alhakin gyaran na'urar ɗumama gida da ta ruwan zafi. Ba alfarma yake maka ba. Dole ne kuma ya sa ƙwararre ya duba kayan gas duk shekara, ya ba ka takardar shaida. Kuɗin ajiyar da ake karɓa kafin ka shiga, a yawancin gidaje bai kamata ya wuce hayar mako 5 ba, kuma dole a saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Idan mai gida bai yi ba, kotu na iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Haka nan ba shi da ikon ya canza maka makulli ko ya watso maka kaya waje ba tare da umarnin kotu ba. Sai dai idan da mai gidan kuke zaune a gida ɗaya, kuna haɗa kicin ko banɗaki, kariyar da kake da ita ta ragu sosai, don haka ka san irin yarjejeniyar da kake sa wa hannu.

Inda namu ke faɗuwa shi ne kunya da kawaici. An tarbiyyantar da mu kada mu matsa wa babba, sai mu kira a waya, mu gaisa, mu ce don Allah a taimaka. A can maganar baka iska ce. Ka rubuta imel ko saƙo, ka sa kwanan wata, ka haɗa da hoto da bidiyo, ka ajiye kwafi. Idan ya yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙara sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumar yankin. Suna da ikon zuwa su duba gidan, kuma tsananin sanyi na cikin haɗurran da doka ta ce su auna. Za su iya ba mai gida umarnin gyara a rubuce. Ƙungiyoyi irin su Shelter da Citizens Advice na ba da shawara kyauta, jami'o'i ma na da ofishin taimaka wa ɗalibai kan gidaje.

Abu biyu ne kada ka kuskura. Na farko, kada haushi ya sa ka daina biyan haya, domin bashin haya hujja ce da za a iya fitar da kai da ita. Na biyu, kada ka kunna gawayi a ɗaki kamar yadda kakanninmu ke yi da kasko. Gidajen can a toshe suke, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya yi barci bai farka ba.

Sai kuma maƙwabci

Mu mun taso da sanin haƙƙin maƙwabtaka, idan abu ya faru akwai dattijon unguwa, akwai liman, akwai mai unguwa. A gidan haɗaka a Ingila, kai da mutum huɗu ko biyar ne daga ƙasashe daban-daban, kicin ɗaya, firji ɗaya. Wani ya bar kwanuka kwana uku, wani ya kashe hita don shi ba ya jin sanyi, wani ya kwana da kiɗa kana da jarrabawa da safe.

Ka fara da magana cikin mutunci, sau da yawa mutum bai san bangon siriri ba ne. Idan bai ji ba, ka riƙa rubuta rana da lokacin da abin ya faru, ka sanar da mai gida, sannan ƙaramar hukuma, wadda ke da hurumi kan hayaniya, musamman tsakanin ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. Idan ta kai ga barazana ko zagin launin fata ko addini, wannan maganar 'yan sanda ce. Mu ma fa mu duba kanmu. Hirar waya da gida da murya sama tsakar dare, ko gayyato abokai goma cin tuwo a kicin ɗin kowa da kowa, na iya sa mu zama maƙwabcin da ake kuka da shi.

Ba cewa nake kada ka tafi ba. Je ka nemi ilimi, Allah Ya ba da sa'a. Amma kafin ka tura ko fam ɗaya, ka sa wani ya je ya duba ɗakin, ya leƙa bayan kabad da kusurwar taga, ya tambaya ko kuɗin gas na cikin haya, ya ji ta bakin waɗanda ke zaune a gidan. Idan kuma kana da wani a can, yau in kun yi waya kada ka tsaya a tambayar yaushe zai turo. Tambaye shi ko ɗakinsa na da ɗumi.

Shi dai ɗan'uwan nawa, sai da ya rubuta wa mai gidan cewa zai kai maganar ƙaramar hukuma, sannan aka turo mai gyara. Da muka sake waya, babu hular.