Yadda Na Nemo Kwaɗon Dankalin Kakata

Tun da kakata ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba wanda ya sake yi mana irin kwaɗon dankalin Turawa da take yi a Bukuru. Baba ba ya cewa komai, amma in aka kawo dankali sai ya ɗan taɓa ya ture kwano. Saboda haka da muka sami dogon hutu na ɗaura niyyar nemo yadda take yin sa.

Bari in fara gaya wa 'yan'uwana ɗalibai, wannan dankali asalinsa ba na Turawa ba ne. Daga duwatsun Andis na Amurka ta Kudu ya fito, wajen ƙasar Peru, mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Sanyi yake so, shi ya sa ya karɓi ƙasar Jos, musamman Bokkos da Mangu.

Sau biyu ina gwadawa yana dagulewa kamar fate. Da na je wurin Goggo sai ta yi dariya, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce ki fere shi? Da ɓawonsa ake dafawa, don kada ya sha ruwa." Ta ce a ɓare shi da zafinsa, a yanka, a matsa lemun tsami nan take, domin dankali mai zafi ya fi shan ɗanɗano. Sai ya huce za a sa albasa da man gyaɗa da yaji.

To, a wurin yajin ne na sha wuya. Ashe yaji ba ɗaya ba ne! Wani tsoho mai kayan ƙamshi a kasuwa ya bayyana mini cewa yajin tsire ƙuli-ƙuli ne ya fi yawa a cikinsa, sai barkono da citta. Na masu jego kuwa shi ne mai kimba da masoro da kanumfari. Akwai kuma na daddawa. Ya ce ko a gari ɗaya ma kowane gida da hannunsa. Na yi ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya, da na zo kan kimba sai na ji kamar ina cikin ɗakin kakata. Wato na tsire take ɗauka ta ƙara masa kimba kaɗan. Kaɗan fa, don in ta yi yawa ɗaci take yi.

Ran nan Baba ya cinye kwanon tas, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Akwai saura?"