Tabar gado: daga sigar Kuba zuwa garaken Damagaram

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba abin da ake nufi da tabar gado, sannan mu gwada ma'anar da tabar da aka daɗe ana nomawa a ƙasar Damagaram. Tun farko akwai matsalar suna. Bahaushe in ya ce sigari, karan taba na kwali yake nufi. Abin da Faransawa ke kira cigare daban ne: ganyen taba ne zalla, ba takarda, ana naɗe shi da hannu. Za mu kira shi siga.

Siga mai daraja hawa uku gare ta: ganyen ciki, ganyen da ke ɗaure shi, da ganyen rufi, wanda ya fi tsada domin ba a yarda da huda ko tabo a jikinsa. Bayan an shanya ganye a rumfa, sai a jibge shi ya yi gumi, a riƙa juyawa har kaifinsa ya ragu, kana a ajiye shi shekaru. Amma mai saye, kafin komai, sunan ƙasa da sunan iri yake biya. A Kuba yankin Vuelta Abajo ne ya yi suna, da irin Corojo da aka daɗe ana rufi da shi. Cutar funfuna ta cinye yawancin amfanin tsibirin a 1980, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 Kuba ta bar tsohon irin ta koma ga masu jure cuta, kamar Criollo 98. Tsohon Corojo a Honduras ya tsira. Ko a Afirka akwai misali: ganyen rufi na gabashin Kamaru, wanda kamfanin SEITA na gwamnatin Faransa ya riƙe har ya janye a 1993.

To, ina matsayin Damagaram? Barth, Bajamushen da ya sauka Zinder a Disamba 1852, ya lura cewa duwatsun garin suna tare ruwa kusa da doron ƙasa, shi ya sa garaken taba suka yi yawa. Shi ne kuma ya sayi tabar Katsina don tafiyarsa Tumbutu, saboda a can ma ana girmama ta. Ashe ke nan taba mai sunan gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zango, unguwar fatake da ke wajen ganuwar Birni, nan ne a da ayarin Agadas da Gat suke sauka, Buzaye kuwa mataunan taba ne na gaske.

A nan bambancin yake, kuma a ganinmu shi ne gundarin magana. Ganyenmu ba don naɗi ake gyara shi ba. Ana tauna shi da kanwa, ana daka shi a yi taba gari, ana cusa shi a lofe. Mata kuma suna goga fure a haƙora tare da goro (ba banza ba ne kalmar fure, in an faɗe ta ita kaɗai, take nufin furen taba). Wanda zai daka ganye bai damu da huda ba, ƙarfi yake nema. Don haka manomin garka ya zaɓi irinsa bisa wani ma'auni dabam da na Bakube, kuma kuskure ne a ce tabarmu siga ce da ba ta samu gata ba.

Ba kiran a faɗaɗa noman muke yi ba. Siga da taba gari duk suna jawo ciwon daji na baki, Nijar kuma ta kafa dokar yaƙi da shan taba a 2006. Damuwarmu ita ce irin yana hannun tsofaffi, sigarin kwali ya kama matasa, kuma Corojo ya nuna cewa iri kan bar ƙasarsa cikin shekaru ashirin. Aikin da muke ba ɗalibanmu shawara shi ne su bi garake da kasuwannin Zinder da Mirya, su rubuta sunayen iri da kalmomin shanya da daka daga bakin masu sana'ar, su kai ƙwayar irin ga cibiyar binciken noma ta INRAN, tare da sunan garin da aka samo ta.