Sabuwar waya da intanet mai sauri: lissafin da ke gaban mai saye a Um Rakuba

Idan damina ta janye a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, aka yanke riɗi a watannin Oktoba da Nuwamba, kuɗi kan shigo hannun manoma da leburorin gona. A lokacin ne ake biyan bashi, ake ɗinka sutura, ake kuma fara zancen canza waya. A yankin Um Rakuba, kusa da garin Doka, zancen yana da nauyi fiye da yadda yake a wasu wurare, domin a nan waya ce banki, ita ce kuma hanyar jin labarin dangin da yaƙi ya raba mutum da su.

Tambayar ita ce: idan mutum ya tara kuɗin kaka ya sayi waya ta zamani, musamman mai ɗauke da alamar 5G, zai samu intanet mai sauri? Kuma nawa saurin zai ci masa a wata?

Su wa ke riƙe da waya a yankin

Um Rakuba ta yi suna ne saboda sansanin 'yan gudun hijira. An taɓa amfani da wurin a shekarun 1980, lokacin yunwar Habasha, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamban 2020, bayan ɓarkewar yaƙin Tigray, wanda ya koro mutane sama da dubu 50 zuwa Sudan. Kusan shekara biyu yankin Tigray ya yi a yanke, babu waya babu intanet, har zuwa bayan yarjejeniyar Pretoria ta Nuwamban 2022. A wancan lokacin ƙungiyar agaji ta Red Cross da takwararta ta Sudan ne ke taimaka wa mazauna sansanin da kiran waya don neman 'yan uwansu.

Jihar kuma gida ce ga Hausawa masu yawa. Kakanninsu sun biyo hanyar Makka ta ƙasa, wasu kuma sun zo bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna suna noma da su da kasuwanci daga Mai Wurno a jihar Sennar har zuwa Gadarif da Kassala. Jikokinsu na da dangi a Kano da Sakkwato da Maraɗi, da kuma Saudiyya, kuma saƙon murya na WhatsApp ne ke riƙe da zumuncin.

Daga baya wasu baƙin suka ƙaru. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, musamman faɗuwar birnin Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ya tura dubban ɗaruruwan mutane zuwa Gadarif, kowa da wayarsa a hannu.

Saurin ba a cikin wayar yake ba

Waya ita ce mataki na ƙarshe a doguwar hanya. Saƙo kan tashi daga waya zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya bi igiyar sadarwa ko na'urar da ke harba shi daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ya isa cibiyar kamfanin, sannan ya fita ƙasar ta igiyoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Port Sudan. Duk inda hanyar ta fi ƙunci, nan ne ke yanke saurin da mai waya zai gani.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar Sudan: Zain da MTN da Sudani. Zain ya fara sayar da 4G a 2016, kuma kamar a ko'ina, birane aka fara kai wa. 5G kuwa bai isa ƙauyukan gabashin ƙasar ba. Wanda ya shiga Um Rakuba da waya mai 5G, wayar za ta koma ta kama abin da ƙarfen yankin ke bayarwa, ko 4G ko 3G, wani lokacin ma ƙasa da haka. Ya biya kuɗin abin da ba zai yi amfani da shi ba, cinikin biri a sama ke nan.

Akwai dalilin da ya sa 5G ke jinkirin isa karkara. Zangon da aka fi ɗora shi a kai, wato 3.5 GHz, yana ɗaukar bayanai da yawa amma ba ya tafiya da nisa kamar zangunan 800 ko 900 MHz da ake amfani da su a ƙauye. Saboda haka yana buƙatar ƙarafa da yawa kusa da juna, da igiya mai ƙarfi a bayansu, da wutar da ba ta yankewa. A Najeriya, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 a gwanjon lasisi na Disambar 2021, MTN ya ƙaddamar a Satumban 2022, Airtel ya biyo baya a Yunin 2023, amma har yanzu abin na manyan birane ne irin su Legas da Abuja da Kano. A Habasha ma, Ethio Telecom ya fara ne da Addis Ababa a Mayun 2022.

Abu na biyu shi ne cunkoso. Ƙarfen sabis kamar rijiya yake: ruwan da ke cikinta ne masu guga ke rabawa. Ƙarfen da aka kafa don ƙauye ɗaya, idan aka wayi gari dubban mutane sun rataya a kansa, kowa zai ga raguwa, komai tsadar wayarsa. Shi ya sa saƙon da ya ƙi tafiya da magariba yake wucewa nan take da asuba.

Na uku, wuta. Ƙarafan karkara da yawa na aiki ne da janareta da batura, wasu da hasken rana. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, idan ruwa ya sauka daga Yuni zuwa Oktoba hanyoyi kan lalace, motar mai ta kasa isa. Idan man ya ƙare, sabis ya tafi, ko rezo kamar yadda ake cewa a Nijar.

Darasin Fabrairun 2024

A farkon Fabrairun 2024 duka layukan uku suka ɗauke a kusan faɗin Sudan. Cibiyoyin kamfanonin na Khartoum, wanda ke hannun RSF a lokacin, kuma dakarun ne aka zarga da kashe su. Gadarif ba ta cikin fagen daga, amma ita ma ta shiga duhu, domin saƙonta ta Khartoum yake bi. Sai da kamfanonin suka kafa sabbin cibiyoyi a Port Sudan sabis ya fara dawowa, Sudani a cikin Fabrairun, Zain kuma a Maris.

Asarar ba ta tsaya ga hira ba. Miliyoyin mutane sun dogara da manhajar Bankak ta Bankin Khartoum wajen karɓar kuɗi daga 'yan uwa da sayen abinci. Da intanet ta tsaya, kuɗin suka maƙale, kuma wuraren dafa abincin sadaka da dama a Khartoum suka dakata.

A lokacin ne Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ta bazu a sassan ƙasar. Masu na'urar kan sayar da sabis da awa. Abin lura ga mai shirin sayen waya shi ne, hawa irin wannan sabis ba ya buƙatar 5G ko 4G. Wi-Fi kawai yake buƙata, kuma kusan kowace waya ta zamani tana da shi, har mai araha.

Hukuma ma na iya rufe ƙofar da waya ba za ta iya buɗewa ba. A Yulin 2025 hukumar kula da sadarwa ta Sudan ta sanar da taƙaita kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp saboda dalilan tsaro, ta bar rubutaccen saƙo. Wanda ya sayi sabuwar waya don ganin fuskar mahaifiyarsa a Zinder, dokar ta hau kansa daidai da mai tsohuwar waya.

Farashi biyu: na waya da na data

Ba a ƙera wayoyin a Sudan. Samsung da Tecno da Infinix da itel duka shigo da su ake yi, kuma da dala ake sayo su. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. Kafin yaƙi dala na wajen fam 600. Cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage, cikin 2025 kuma ta haura 3,000. Ma'ana, wayar dala 100 da ake samu a kan fam dubu 60 a farkon 2023, kuɗinta ya wuce dubu 200 a 2024, ko da kamfanin da ya ƙera ta bai ƙara ko sisi ba.

Wannan ya sauya lissafin jira. A ƙasar da kuɗinta ke tsaye, wanda ya jira wata shida kan samu waya da rahusa. A inda kuɗi ke faɗuwa, abin da aka ajiye a ƙarƙashin matashi raguwa yake yi. Mai karatu a Nijar ba ya jin wannan zafin sosai, domin sefa na ɗaure da Yuro a kan 655.957. Mai karatu a Najeriya kuwa ya san shi, tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Data ma da dala take tafiya, ko da da fam ake sayar da ita. Kayan gyaran ƙarafa da batura da man janareta da hayar igiyoyin teku duka da kuɗin waje ake biya. Idan kuɗin gida ya faɗi, kamfani kan ƙara farashi ko ya rage yawan datar da ke cikin ƙunshi. Najeriya ta ga haka a Janairun 2025, lokacin da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data.

Yadda sauri ke cinye data

Ga inda masu sabuwar waya suka fi shan mamaki. Gigabait ɗaya dai gigabait ɗaya ne, ko a 3G ko a 4G. Amma manhajojin bidiyo irin su YouTube da TikTok da Facebook suna auna ƙarfin sabis da kansu. Idan sabis ya yi rauni, su turo hoto maras kaifi, mai sauƙin nauyi. Idan ya yi ƙarfi, su turo mai kaifi, ba tare da sun tambayi mai wayar ba.

Kamfanin Netflix ya ƙiyasta cewa kallon awa ɗaya a matsakaicin kaifi na cin kusan 0.7 GB, a babban kaifi kuma har 3 GB. A bisa wannan, ƙunshin 10 GB zai kai awa 14 a matsakaici, amma da kaɗan zai wuce awa 3 a babban kaifi. Fim ɗin Kannywood ɗaya ne, labarin bai canza ba, kuɗin ne ya ninka sau huɗu.

Sabuwar waya na da nata cin. Kyamararta na ɗaukar hotuna masu nauyi, tana sabunta manhajoji da kanta, tana kuma tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet idan ba a hana ta ba. Ranar farko kaɗai, saukar da manhajoji da sabuntawa na iya cinye gigabait da dama.

Yaushe canjin ke da amfani

Akwai lokutan da canza waya ya zama dole. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0. A Disambar 2024 kuma, lokacin da Babban Bankin Sudan ya canza takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, ciki har da Gadarif, an buƙaci mutane su zuba tsofaffin takardun a asusun banki, aka kuma taƙaita abin da za su iya cira. Wanda ba shi da wayar da ke ɗaukar manhajar banki ya koma roƙon maƙwabci ko biyan lada ga mai shago.

Haka kuma, tashi daga wayar 3G zuwa ta 4G na da amfani na gaske idan ƙarfen yankin na bayar da 4G. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce mutum ya ari wayar wani mai 4G, ya sa layinsa a ciki, ya gwada a gidansa ko a gonarsa, safe da yamma. Gwajin da aka yi a shagon birnin Gadarif ba ya nuna abin da za a tarar a Um Rakuba.

Idan an je kasuwa, abubuwan da suka fi alamar 5G amfani a irin wannan wuri su ne:

Batir mai girma, kamar 5,000 mAh, domin inda sabis ke da rauni waya na ƙara ƙoƙarin nemansa, cajin kuma ya fi saurin ƙarewa, ga shi caji ma kuɗi ne a wurin masu sola.

Gurbin layi biyu, domin idan kamfani ɗaya ya ɗauke a koma ɗayan.

Ma'ajiya mai faɗi ko gurbin memori, don a sauke karatu da wa'azi da finafinai lokacin da aka samu Wi-Fi, a kalla daga baya ba tare da data ba.

Nau'in da masu gyara na Doka ko Gadarif ke da gilashinsa da batirinsa. Idan wayar hannu ce, wato wadda aka yi amfani da ita, a tabbata ba a kulle take da layin wata ƙasa ko asusun tsohon mai ita ba.

Bayan saye, a shiga saitin YouTube da Facebook a rage kaifin bidiyo, a hana WhatsApp saukar da bidiyon zaure da kansa, a kuma bar sabunta manhajoji sai an hau Wi-Fi.

Kafin duk wannan, mai saye zai iya duba abin da ya kashe a data cikin wata uku da suka wuce, ya ɗauka cewa sabuwar wayar za ta ci fiye da haka, ya ninka har zuwa kaka mai zuwa, sannan ya tara da kuɗin wayar. Kuɗin riɗi sau ɗaya yake shigowa a shekara, data kuwa kowane wata ake saye.