Gabiyon Ɗin Adar Sun Fara Tsufa

Tun 1984, lokacin da aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da shirin abinci na duniya, mutanen Adar, galibinsu mata, suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka. Da su aka datse ƙoramu, aka tare bakin kwazazzabai. Yau shekaru sama da 40 ke nan, kuma wayar da ta riƙe duwatsun ba ta zama sabuwa har abada.

Gabiyon, wato kejin waya da ake cikawa da dutse, yana da wata baiwa: ruwa na bi ta cikinsa ya wuce, kuma idan ƙasa ta nutse sai ya lanƙwashe maimakon ya fashe. Bangon siminti ba shi da wannan haƙuri. Ruwan da ya taru a bayansa yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana tura shi gaba. Laka kuwa, irin ta fadamun Majiya, takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, bango yana binta a kowane juyi. Shi ya sa magina ke barin ƴan ƙofofi a jikinsa don ruwa ya fita. In suka toshe, an shiga uku.

Amma ba kowace tsaga a bango ce abin tsoro ba. Wata tun shekarar gini ta fito, ta tsaya cak. Wadda ke tafiya ita ce ake nema, kuma gane ta ba ya buƙatar na'ura daga Yamai. A shafa ɗan siminti marar kauri a giciye kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan an dawo an tarar ya rabu biyu, bangon yana motsi. A ɗiga fenti a ƙarshen tsagar don a ga ko ta ƙara tsawo. A sako igiya mai dutse daga saman bango, a auna tazararta da gindi. Tazarar da ke ƙaruwa na nufin bango ya fara sunkuyawa. Tsagar kwance ta fi ta tsaye muni, haka ma wadda ta bayyana a ƙasar da ke bayan bangon tana bin tsawonsa.

Gabiyon shi kuma ba ya tsagewa, ciki yake yi. Sai a duba tsatsa, da wayar da ta tsinke ko aka yanke (ba ɓoyayyen abu ba ne, waya na da amfani a gida), da ramin da ruwa ke haƙawa a gindinsa, da gefen da ƙorama ta fara zagayewa. A madatsar ƙasa, launin ruwan da ke tsatsa ta baya shi ne labari: in garau ne, da sauƙi; in mai laka ne, madatsar ce ke zubewa daga ciki.

A ganina, dubawar ba ta jiran injiniya daga Tawa. Manomin da gonarsa ke ƙarƙashin datsin ya fi kowa ganinsa. Abin da yake buƙata littafi ne, da zagaye kafin ruwan farko da bayan kowane babban ruwa, da ofishin magajin gari da zai turo waya da magini tun ɓarnar tana keji ɗaya.