3.3 Dacewar Ɓargo Tsakanin Mai Bayarwa da Mai Karɓa

A sashen da ya gabata an nuna cewa dashen ɓargo na iya raba mai cutar sikila, wato amosanin jini, da ciwonsa baki ɗaya. A nan za a duba abin da ya fi tasiri wajen nasarar dashen, wato dacewar jikin mai bayarwa da na mai karɓa.

Dacewar da ake nufi ba ta rukunin jini ba ce, kamar yadda jama'a da dama suke zato. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam waɗanda masana ke kira HLA, da su ne garkuwar jiki take bambance nata da baƙo. Idan alamomin suka saɓa, ko dai jikin majinyaci ya ƙi karɓar sabon ɓargon, ko kuma sabon ɓargon ya juyo ya far wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa. Wani nazari da Eliane Gluckman da abokan aikinta suka wallafa a 2017, a kan majinyata 1,000 da shaƙiƙansu masu cikakkiyar dacewa suka ba su ɓargo, ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari suna raye, babu cutar, bayan shekara biyar. Haka kuma dashen farko a Nijeriya, wanda aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, wan yaron ne ya bayar da ɓargon.

Kowane mutum yakan gaji rabin alamomin daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka damar da shaƙiƙi yake da ita ta dacewa sosai ɗaya ce cikin huɗu, kuma tilas ya zamo shi kansa ba SS ba ne, ko da yake mai AS na iya bayarwa. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, yaron da iyayensa duka AS ne, yake kuma da shaƙiƙai huɗu, damarsa ta samun mai bayarwa kusan kashi 56 cikin ɗari ce.

A nan ne tsarin iyali na yankin Funtua da Malumfashi ya shigo. Gidan manomi mai mata uku na iya tara 'ya'ya ashirin, har a ɗauka samun mai bayarwa abu ne mai sauƙi. Amma ɗan uba gadon mahaifi kawai suka haɗa da majinyacin, don haka galibi iyakarsa rabin dacewa. Ke nan 'yan ɗakinsu kaɗai ya kamata a fara ƙirgawa. Sai dai auren zumunta, wanda ya yawaita a ƙauyukan yankin, yakan sa a dace da wani dangi na kusa, tunda alamomin kakanni ɗaya ne ke zagayawa.

Dashe da rabin dacewa ya fara samun karɓuwa bayan rahoton likitocin Johns Hopkins a Amurka a 2012. A ra'ayin mai wannan bincike, wannan hanya ita ta fi dacewa da irin gidajenmu, domin uwa ko uba, har ma da wasu 'yan uba, suna iya bayarwa, duk da cewa a wancan rahoton jikin majinyata da dama ya ƙi karɓar ɓargon.